Minti Biyar na Mawaƙin 'Yancin Mata

Wani mawaƙi ne, irin na dandamalin nan da ba kiɗa ba amshi, sai dai mutum ya tsaya gaban makirufo ya yi ta zuba baitoci da ka. Shekara goma sha biyu yana wannan harka, amma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa shiga littafi ba. Abin yana ci masa rai. Duk littafin waƙoƙin da ya faɗo hannunsa, jerin sunaye yake fara dubawa, ko Allah ya sa an yi kuskure an saka shi.

Yana kuma da wata ɗabi'a. Can baya ya taɓa hawa dandamali, ya hango wani a layin gaba ya wage baki yana hamma, nan take waƙar ta gudu daga kansa. Tun daga ranar, da ya fara baitin farko sai ya runtse ido, ba ya buɗewa sai ya dire baitin ƙarshe.

Ana nan sai ƙungiyar marubuta mata ta shirya taron karatun waƙoƙi a kan 'yancin mata. Mata ashirin za su karanta, aka ware gurbi ɗaya ga namiji don kada a ce an yi wariya. Waƙoƙin da suka yi armashi kuma za a buga su a littafi. Mutumin nan ya yi ta sintiri a ofishinsu har Shugaba ta gaji ta rubuta sunansa.

"Minti biyar ne, malam," in ji ta. "Kowa minti biyar."

"Ranki ya daɗe, ni a minti uku ma na sha sa mutane kuka."

"To, Allah ya sa na daɗi ne."

Ya koma gida da sabon littafin rubutu. Ya tarar da matarsa a kicin, goyo a baya, hannu cikin ruwan wanke-wanke, tukunya tana tafasa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire murfin biro.

"Gimbiya, bincike na zo yi. A matsayinki na mace, me ya fi damunki a duniya?"

"Yanzu dai? Ka tare min hanya."

"Allahu Akbar!" Ya duƙa ya rubuta: maza sun tare wa mata hanya. "Kin ga baiti ya faɗo da kansa!"

Bai matsa ba.

"Baban yara, karɓi yaron nan in sauke tukunya."

"Ina! Hannuna ba fili. Wahalarki nake rubutawa."

Ta ɗauki tukunyar ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa. Ya bi ta da kallo cike da tausayi, ya rubuta wannan ma.

Kwana uku yana bin ta, daga wajen wanki zuwa wajen shanya. Ya tambayi 'yarsa mai shekara huɗu ko ta taɓa fuskantar danniya, ta ce yayanta ya cinye mata biskit. Wannan kaɗai ya ci baiti goma sha huɗu. Ya kira mahaifiyarsa a waya ya ce ta ba shi labarin wahalar da ta sha ranar haihuwarsa.

Ta ce, "Naƙudarka awa biyu ce, ta wuce. Surutunka ne har yau ban warke ba."

Ya ce a ransa tsohuwa ba ta san adabi ba, amma ya saka ta a babi na uku.

Da ya gama, waƙa ta kai shafi talatin da bakwai. Matar ta ɗaga takardun ta auna nauyinsu a hannu.

"Ba minti biyar aka ce ba?"

"Haba, Gimbiya! Wahalar mata tun farkon duniya, a minti biyar? Ai raini ne. In na fara, su da kansu za su roƙe ni in ci gaba. Zauna in gwada miki."

Ya tsaya tsakiyar falo, ya riƙe buroshin goge takalmi a matsayin makirufo, ya runtse ido. Ta zauna ta ji shafi biyu. Daga nan ta tashi ta je kasuwa, ta biya wajen tela, ta ɗauko yara daga makaranta. Ta dawo ta same shi yana nan, gumi har gwiwa. Da ya buɗe ido ya gan ta zaune inda ya bar ta.

"Yaya kika ji?"

"Ban taɓa samun sararin yin abubuwa da yawa haka ba."

"Kin gani? Ƙarfin waƙa ke nan."

Ranar taro ta goge masa riga, ta raka shi, ta nemi kujerar can baya ta zauna. Zaure ya cika maƙil da mata. A gefen dandamali ga mai kula da lokaci, wata tsohuwar malamar lissafi, da agogo a gabanta da kati biyu: rawaya na saura minti ɗaya, ja na sauka. Mata biyu suka karanta, kowacce ta sauka kafin jan kati. Shi ne na uku.

Ya hau. Gaisuwa kawai ta ci minti huɗu. Sannan ya gyara tsayuwa, ya runtse ido, ya ɗaga murya:

"Ya ke mace, wa ya rufe miki baki?
Wa ya ƙwace miki lokaci, ya bar ki tsaye?"

Ta huɗu a jeri tana tsaye a matakala da takardarta, tana jiran ya sauka.

Malamar lissafi ta ɗaga rawaya. Ta ɗaga ja. Ta ɗaga duka biyun tana kaɗawa kamar mai ba jirgi hannu. Ta hau kan kujera, mace mai jika bakwai. Da ta ga ido a rufe yake, ta ɗauki cokali ta shiga buga kofin gilashi. Gogan naka ya ji ƙararrawa, ya ce a ransa har kiɗa suka tanadar masa. Ya saita baitocinsa da bugun cokali, har da rausaya.

Shugaba ta jawo makirufonta ta ce a hankali, "Malam, don Allah..."

"Kun ji ko!" ya daka tsawa. "Muryar mace ke nan tana roƙo, ba mai saurare!"

Ya ci gaba.

Wata ta ba da shawara a yi masa tafi mai ƙarfi, ko zai ɗauka an gama. Zaure ya kaure da tafi. Ya rusuna, ido a rufe, ya ɗaga hannu.

"Ku adana tafinku, iyayena. Yanzu na gama gabatarwa."

Aka kashe makirufo.

"Ko sun ɗauke wuta, ba za su ɗauke gaskiya ba!" Ashe lasifikar rage masa murya take yi. Yanzu har masu wucewa a titi suna leƙowa ta taga.

Ta huɗu ta cire takalmi mai tsini ta zauna a matakala. Ta biyar ta fara gyangyaɗi. Shugaba ta juya ga jama'a.

"Wai wa ya zo da mutumin nan?"

Can baya hannu ɗaya ya tashi a hankali. Aka kira matar gaba.

"Baiwar Allah, mijinki ne? Sannu. Ta ina ake tsayar da shi?"

"Ba a tsayar da shi, Hajiya. Shafi talatin da bakwai ne, yanzu yana na shida."

"Innalillahi! To ke yaya kike yi a gida?"

"Fita nake yi."

Shugaba ta dubi malamar lissafi, malamar lissafi ta dubi agogo. Akwai wani ɗaki a saman bene. Aka yi ta raɗa daga layi zuwa layi. Mata suka cire takalma suka riƙe a hannu, kowacce ta ɗauki kujerarta, suka fice a kan yatsun ƙafa, masu dariya suna toshe baki da mayafi.

Mawaƙi ya ji zaure ya yi tsit. Ba tari, ba motsin kujera, ba kukan waya. Shekara goma sha biyu bai taɓa samun shiru irin wannan ba. Hawaye suka zubo masa. Ya ce a ransa waƙa ta kashe musu jiki, littafi kam ya shiga ya gama, sai dai a yi shawarar hoton bango. Don murna ya ƙara baitocin da ba su cikin takarda.

Wajen shafi na talatin ya buga ƙafa a ƙasa don jaddada magana. Sai ya ji wani abu yana motsi a ƙarƙashin takalminsa, ana ja a hankali. Ya ce lallai wata ce abin ya taɓa har ta zube a gabansa. Ya ƙara danna ƙafar.

"Ba zan ɗaga ƙafar nan ba," ya yi kururuwa, "sai an sakar wa mace mara!"

Aka sake ja. Ya sake dannawa. A haka ya ƙarasa shafi bakwai, ƙafa ɗaya kafe wuri guda.

Ya dire baitin ƙarshe, ya buɗe hannuwa, ya buɗe ido.

Ba kowa. Ko kujera babu. Sai wata tsohuwa mai shara zaune a bakin dandamali dab da ƙafarsa, ta yi tagumi.

"Iya, ina jama'a?"

"Sun hau sama tun ɗazu, ɗan nan. Sun yi taronsu sun gama, har sun sha lemo sun watse."

"Maganar littafi fa?"

"An zaɓa. Na ji suna cewa wata matar mawaƙi ce ma za a sa a shafin farko. Minti uku ta yi tana ba da labarin zamanta da miji, sai da aka yi wa Shugaba fifita don dariya."

Mawaƙi ya dubi zauren, ya dubi tsohuwa, sai kuma fuskarsa ta washe.

"Ba komai. Mai sauraro ɗaya na gaskiya ya fi dubu. Iya, duk sun gudu, ke kaɗai kika tsaya har ƙarshe. Gaya min don Allah, wane baiti ne ya riƙe ki?"

"Baiti? Ɗan nan, kan tsintsiyata kake tsaye."