Inuwar Taɓarya a Rigar Baba

Ba zan taɓa mantawa da asubar da na tayar da rabin Makarfi ba. Mafarin abin, na gaya wa 'yan ajinmu cewa na ga inuwata a hasken gamzaki, ranar da babu wata. Suka bushe da dariya, suka raɗa mini suna Rediyo (na yarda, ni ne na taɓa cewa na ga kura tana shan rake, amma wannan karon gaskiya na faɗa).

Kawu Sule mai ɗaukar hoto ne, tun bikin samun mulkin kai kasuwarsa ta buɗe. Na dame shi da roƙo har ya ara mini akwatinsa mai ƙafa uku. Ya ce, "Ka bar idon a buɗe ya daɗe. In wani haske ya shiga, ka yi aikin banza."

Ina neman farin abin da inuwa za ta sauka a kai, kuma duk gidanmu babu kamar rigar Juma'ar Baba. Da asuba, gamzaki na sama, na shanya ta jikin dangar bayan masallaci, hannuwa a ware, na kafa taɓaryar Inna a gabanta, na buɗe idon akwati, na lulluɓa da baƙin ƙyallen akwatin, na tsaya cik.

Can sai ga Ladan. Ya ga farin ƙato ba kai, ga wata halitta mai ƙafa biyar tana fuskantarsa. Ihun da ya kurma, na rantse an ji shi har garin Kudan.

Mutane suka fito da sanduna da fitilu. Ni ba sandunan suka dame ni ba. Na kife hulata a idon akwati ina ihu, "Don Allah ku kashe fitila!"

"Kai, aljanin ma ya san Allah," in ji wani.

Baba ya matso, ya haska fuskata, ya daɗe yana kallo. "Jama'a, ku koma. Aljanin nawa ne. Rigar ma tawa ce."

Kunnena ya sha murɗa a gaban kowa. Amma da Kawu ya wanke hoton, ga ta nan dishi-dishi, doguwar inuwar taɓarya a ƙirjin rigar! Malaminmu da kansa ya manna shi a bangon aji. Har yau Rediyo suke ce mini, sai dai yanzu in na fara ba da labari kowa yakan yi tsit.

Abin da na koya: in za ka kafa hujja da asuba, fara sanar da Ladan.