Gawon Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa ƙauyenmu wa'azin kare itatuwa ba, can bayan Mirriya. Na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram ina ji da kaina, ga gilashi a ido (ba na magani ba ne, na burga ne), sai matasan gidan al'adu suka ba ni jagorancin wasan kwaikwayo kan sarar itace. Ni na tsara, ni ne kuma tauraro.

Wasan yana bukatar itace a dandali. Abokaina suka ce a zana a kwali, na ce ni ba na aikin yara. Da hantsi na saɓi gatari na yi bayan gari. A gefen wata gona na tarar da ɗan gawo da bai fi tsayina ba, da jan tsumma ɗaure a reshensa. Tun muna yara mun san tsumma a jikin itace yana nufin akwai mai renonsa, amma ni ɗan birni na ce iska ce ta kawo shi. Na sare na ɗauko. Tsumman ma na bar shi, wai zai yi kyau a hoto.

Bayan la'asar gari ya taru. Na tsaya gindin gawon da muka kafa cikin bokitin yashi, ina ta ɗaga murya: hamada tana tafe, damina tana raguwa, duk wanda ya sare itace ya cuci jikokinsa. Ana ta tafi, ina ƙara kumbura. Sai ga Inna Hajo, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ta ratso mutane ta hau dandali. Na zaci yabo ta kawo, har da miƙa mata makirfo.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwance tsumman, ta shafa shi, ta yi magana a hankali, makirfon ya kai wa kowa:

"Wannan daga rigar Sani ne. Shi ya ɗaura da hannunsa, daminar da ya rasu."

Sani ɗanta ne tilo, tare muka yi kiwon awaki da shi. Ashe tun rasuwarsa ita ke kewaye gawon da ƙaya, ita ke yi masa sassabe. Na durƙusa a gabanta, gilashin ya faɗi ban ɗauka ba, na ce ta yafe mini, gobe zan dasa mata wasu da yawa.

"Na yafe, ɗana," in ji ta. "Amma wanne daga ciki Sani ya taɓa?"

Ta ƙulle tsumman a haɓar zanenta ta sauka. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Har yau ina gidan al'adun, kuma abin da na koya ke nan: kafin ka hana mutane ta'asa, duba abin da ke bayanka a dandali. Yanzu ba na riƙe makirfo. Ni ke zana itace a kwali.