Ranar da Na Ba Kansila Uku Bisa Goma

Shekarar da soja suka koma bariki, duk Gyaɗi-Gyaɗi babu mai ja da ni a Turanci, don ni nake koyar da nahawunsa a wata sakandare a Tarauni. Saboda haka da sabon kansilanmu ya rubuto cewa zai gina mana kwata, ni mai unguwa ya miƙa wa takardar in fassara.

Ina dubawa na ga suna da aikatau suna ta rigima a kowane layi. Hannu ya riga ya saba. Na zaro jan biro na gyara, na ba shi uku bisa goma, na ƙara da, "Ka same ni a ofis."

Mai unguwa bai lura ba, ya sa dattawa suka sa hannu a bayan takardar, ya mayar.

Ranar Litinin sai ga kansila a makarantarmu. "Malam, ka ce in same ka. Ga ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ukun ma ba kowa nake ba ba."

Kwata dai shiru. Har yau in ruwa ya cika layinmu, sai maƙwabta su leƙo: "Malam, wannan ambaliyar nawa bisa goma?"