Ranar da Sallau Ya Hau Katanga

Wani mutum ne a Funtuwa, Sallau, wanda tun da ya sayi talabijin mai faɗin ƙyauren shago kunnen unguwa bai sake hutawa ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya sako zancen tashoshinsa. Wai hotonsu tar yake, ƙuda ya sauka a hancin mai karanta labarai sai ka ga yana wanke hannu. Wai kuma farantin da ke kamo tashoshin daga sama, shi ya kafa abinsa da hannunsa. Ƙarya ce tsagwaronta. Ranar da mai gyara ya zo kafawa, Sallau na ɗaki yana sharar barci.

Da za a nuna wani babban dambe, ya bi 'yan majalisarsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku rabu da gidan kallon nan mai hoto kamar an watsa masa koko. Ku zo gidana ku ga gumi yana ɗiga."

Suka zo, falo ya cika maƙil. Kalangu ya ɗauka, 'yan dambe suka ja daga, sai ga hadari daga gabas. Hoto ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya daskare, ya ɗauke ɗif. Sallau ya danna nan, ya danna can. Tashoshi masu kyan duk sun gudu. Guda ɗaya ta rage, dishi-dishi, wata mata 'yar Sin tana yanka kabeji.

Tanimu mahauci ya gyara zama. "To, Sallau, ita ce za ta yi damben, ko kabejin?"

Aka kwashe da dariya. Wasu har sun fara laluben takalmansu. Sallau ya miƙe zumbur, don ya san in suka fita, bakinsa ya mutu a majalisa har abada.

"Ku zauna. Ni da na kafa abu, shi zai gagare ni?"

Babba da shi, da furfura, ya naɗe riga ya kama tsani. Ya hau katangar da ta raba gidansa da na Gwaggo Ladiyo mai daddawa. Nan ya tarar da faranti biyu, kafaɗa da kafaɗa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce a ransa mutum irinsa ai ba zai mallaki ƙaramin ba. Ya cafki babban.

Ya murɗa dama. "Ya zo?"

"Kabeji ne," in ji Tanimu daga falo.

Ya murɗa hagu. "Yanzu fa?"

"Ta koma albasa."

Haushi ya kama shi. Ya tattara ƙarfi ya fizga, ƙaras, faranti ya tsinko a hannunsa. Daidai lokacin hadari ya wuce, hoto ya dawo don kansa.

"Ya zo! Tsaya haka, kar ka motsa," in ji Tanimu.

Ga Sallau, ƙafa ɗaya a katanga, ɗaya a tsani, faranti bisa kai kamar mai tallar gyaɗa. Ya sandare. Rana ta buɗe tana gasa shi. Yana jin ihun dambe daga falonsa, ko inuwar ɗan dambe bai gani ba. Duk da haka bakin bai mutu ba. Masu wucewa suka taru, yana ce musu, "Ilimi ne wannan. Da jikina nake jawo tashar."

Sai ga Gwaggo Ladiyo ta fito tsakar gida da muciya, an yanke mata wa'azin da take kallo a talabijin ana tsakiyar bayanin gado.

"Kai Sallau, uban me kake yi da farantina?"

"Gwaggo, nawa ne."

"Naka? Ga naka can, ɗan mitsitsi, kashin tantabaru ya rufe shi. Ko taɓa shi ba ka yi ba. Bi wayar da ido, ɗan nema."

Ya bi waya da ido. Tiryan-tiryan ta shige tagar Gwaggo. Masu kallo a titi suka fara riƙe ciki.

Gwaggo ta ɗaga muciya ta zungure shi a ƙwauri. Faranti ya suɓuce, ya faɗi ƙwangaram, ya gangara ya watsa kaji, ya kife cikin kwandon daddawa. Sallau ya rage a sama, hannuwa a ɗage, babu komai a cikinsu.

Daga falo muryar Tanimu ta taso.

"Yauwa, Sallau, haka ma ya fi kyau. Kar ka kuskura ka sauke hannun nan."