Itacen Wankan da Ba a Yi Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da safiyar Talatar da na kwanta a kan gadon awo, tsohuwar ɗalibata ta ɗora hannu a kan cikina. Amma bari in faro muku daga tushe, ku ga yadda mace da digirinta take haƙa wa kanta rami da hannunta.

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a Tudun Wada. Shekara tara ina tsayuwa gaban allo ina zana jikin ɗan Adam. In aka zo babin homon, wato sinadaran nan da jiki ke saki cikin jini su riƙa kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan, a nan nake baje kolina. Sai in zana kai, in ɗiga alli a ƙasan ƙwaƙwalwa, in ce da yara, "Kun ga 'yar abar nan? Ba ta fi ƙwayar wake ba, amma ita ce mai gidan. Ita ke cewa a yi tsawo, ita ke cewa al'ada ta zo, ita ke cewa nono ya kawo ruwa." (Ku riƙe wannan maganar, za ku ga inda ta zagayo ta same ni.)

A lokacin shekarata shida da aure, ban taɓa ko ɓari ba. Maigidana bai taɓa yi min gori ba, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi, don da na sami wanda zan yi faɗa da shi. Inna kuwa, mahaifiyata, ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai Allah ya raya mata. Duk sunan da za a yi a layinsu sai ta je da sabulunta da 'yar rigar jariri, ta dawo ta zauna a kan tabarma ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata shi ya fi komai ci min rai.

Kwatsam sai al'adata ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu. Na hau babur tun daga gidanmu na Gyallesu har Kwangila, don kada in haɗu da wanda ya san ni, na sayo tsinken gwaji a kemis. Layi ɗaya ya nuna, wato babu ciki. Na koma na sayo wani, shi ma layi ɗaya. Na jefa su a masai na ce jabu ne, kayan yanzu ba su da inganci. (Malamar kimiyya ke nan, a gaishe ta.)

A wata na uku aka yi suna a maƙwabtan Inna. Ina zaune cikin mata aka miƙo min jaririya, tana ta mutsu-mutsu a ƙirjina. Sai na ji sanyi a gaban rigata. Ina dubawa na ga ta jiƙe. Kafin in ja mayafi in rufe, idon Gwaggo Asabe ya riga ya kai. Ita ce tsohuwar ungozomar unguwa, rabin matan da ke ɗakin a hannunta aka haife su, har da ni.

"Ke, matso nan," in ji ta. Ta ja fatar idona, ta juya tafin hannuna, sannan ta ɗaga murya ta kira Inna. "Binta, kina zaune 'yarki ta ɗauka ba ki sani ba?"

Sai guɗa ta tashi. Inna ba ta ko dube ni ba, don ka san uwa ba ta nuna murna a kan ɗan fari. Tashi ta yi ta shige madafa. Na hango ta tana share ido da gefen zane, tana ce wa mai tuƙa tuwo wai hayaƙi ne.

Na raɗa wa Gwaggo a kunne cewa na yi gwaji har sau biyu bai nuna ba. Ta yi tsaki. "Tsinke ne zai gaya min ciki? Kwanciya ya yi, kwantaccen ciki kuwa ba ya fita a kayan Bature. Ki je ki ci abinci, zai tashi. Nono ba ya ƙarya." Ni da na san babu shafin da aka rubuta kwantaccen ciki a duk littattafan da na karanta, na buɗe baki na ce, "To, Gwaggo."

Ga wani abu da nake kare kaina da shi har yau, duk da na san kariyar banza ce: ni ban taɓa furtawa da bakina cewa ina da ciki ba. Ai mai cikin fari ba ta faɗa, kunya take yi. In an ce, "Ya ƙarfin jiki?" sai in sunkuyar da kai. In an tsokane ni sai in rufe fuska da mayafi. Kunya ta yi min aikin da ƙarya ba za ta iya ba, kowa yana yabon tarbiyyata. Kuma kada ku ɗauka yaudarar mutane kawai nake yi. Kaina na fara yaudara, na kuma yi nasara.

Na tsiri tofar da yawu a gwangwani. Na tsiri kwaɗayin ɗanwake da yaji da goruba. Na ci na mutum biyu, ciki kuwa ya amsa kira ya turo gaba, kitse da iska. Na koyi tafiyar nan ta dafe ƙugu. A makaranta aka ɗauke min tsayuwar taron safe, aka kawo min kujera mai taushi ɗakin malamai. In hanjina ya yi ƙugi sai in kama hannun maigidan in ce, "Ji, ya motsa." Bawan Allah ya kasa kunne, ya yi murmushi, ya ce ya ji. Ciwon kai ya matsa min, na ce laulayi ne. Na fara karo da gefen ƙofa don ba na ganin abin da ke gefena sosai, na ce jiri ne na masu ciki. Duk lokacin da maigidan ya ce, "Yaushe za ki fara zuwa awo?" sai in ce sai ya ƙara ƙwari. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. A can ƙasan zuciyata layin nan guda ɗaya bai taɓa gogewa ba.

Da aka ƙirga wata bakwai, Inna ta aiko a kai ni gida goyon ciki. Maigidana ya yi abin da ake yi: ya sayo itacen wankan jego cikin a-kori-kura guda, aka sauke a ƙofar gidan Inna, aka jera shi jikin katanga ya kusa kai tsawonta. Inna ta fito da babbar tukunya ta wanke, ta tanadi kanwa da gero na kunu, ta ma zaɓi bishiyar dogon yaron da za a riƙa saro ganye. Duk wanda ya bi ta layin sai ya dubi itacen ya ce, "Allah ya sauke lafiya." Mai kayan miya ma ya sani, mai faci ma ya sani.

Abin da ya tona ni takarda ce. Na rubuta neman hutun haihuwa, shugabar makaranta ta ce sai na haɗa da shaidar asibiti mai ɗauke da watan haihuwa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni tawa uwar har da ita aka tafi. Gwaggo Asabe ma ta yafa gyale ta ce sai ta raka mu.

Asibitin cike yake da mata a kan benci, kowa da katinta da cikinta. Na nemi wuri na zauna cikinsu, ina nishi kamar kowa. Sai ga wata ma'aikaciya cikin fararen kaya ta taho da sauri ta durƙusa a gabana. "Malama! Ina kwana?" Rukayya ce, ɗalibata ta shekarun baya, mai zaman layin gaba, wadda ba a taɓa kayar da ita a darasina ba. Ta juya ta ce da matan, "Ku yi haƙuri in fara da ita, wannan malamata ce, ita ta sa na zama abin da na zama." Duk suka dube ni da girmamawa. Na shiga ina ƙara dafe ƙugu.

Labule ne kawai tsakanin gadon da bencin. Ta auna, ta danna nan, ta danna can. Ta kara abin sauraro, ta daɗe. Ta jawo na'urar hoto, ta shafa min mai mai sanyi, ta yi ta zagayawa. Fara'arta ta ɗauke. Ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Malama, wa ya ce miki ciki ne?"

"Ni na ce!" Gwaggo ce, ashe kunnenta na jikin labule. Ta yaye shi gaba ɗaya ta shigo. "Kwanciya ya yi. Tun kafin a haifi uwarki nake karɓar haihuwa."

"Baba, ki yi haƙuri, ki saki labulen."

"Ba zan saki ba. Ki sake dubawa. Mace da ruwan nono ki ce ba ta da ciki?"

Yarinyar nan ta yi iya ƙoƙarinta ta rufa min asiri, amma da tsohuwa ta yi ta ɗaga murya, ita ma tata ta ɗagu. "Baba, babu komai a mahaifar, ga shi a hoto." Sannan ta juyo gare ni, idonta ya ciko. "Malama, kina ciwon kai? Ganinki ya ragu ta gefe?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Haba Malama. Ai ke kika koya mana. Ƙwayar waken nan ce. In sinadarin nono ya yi yawa, al'ada ta tsaya, ruwa ya zo ba ciki. Har a jarrabawa kika kawo shi, na cinye duka."

Ba don ta ci min fuska ta faɗa ba, na sani, tausayi ne ya kwance mata baki. Amma wurin ya yi tsit, ko tarin yaro babu. Da dariya suka yi da na ji daɗi. Sai wata daga bayan benci ta ce, "Wayyo, baiwar Allah." Na sauko daga gadon, man da ta shafa yana manne min da riga. Na yi taku uku kafin in lura hannuna ya koma ƙugu da kansa, don sabo. A gaban mata sama da ashirin na sauke shi. Inna tana tsaye bakin ƙofa riƙe da takalmana. Ta ajiye su a gabana ta ce, "Sa mu tafi." Da muka isa gida muka wuce ta gefen itacen ba wanda ya dube shi.

Daga baya aka ɗebi jini, aka yi hoton kai a babban asibiti. Ɗan ƙari ne ya fito a jikin ƙwayar waken tawa, ba mai mugunta ba, amma shi ke ta zubo sinadarin da ake kira prolactin ba ƙaƙƙautawa. Likita ya ce mai yiwuwa shi ya daɗe yana hana ni ɗaukar ciki, kuma da na ƙara jinkiri da idona ya tafi. Wata bakwai ina rainon ciwo, ina ba shi ɗanwake. Maigidana cewa ya yi, "Alhamdulillahi da aka gano," ya fita waje ya daɗe bai shigo ba. Na koma makaranta na tarar an mayar da kujerar mai taushi ofishin shugaba. Kowa kuma sai ya daina hira in na shigo. Da zangon babin homon ya zagayo, na riƙe alli na zana kan, na kai wajen ɗigon, hannuna ya ƙi. Na ce su buɗe littafi su karanta.

Yanzu shekara biyu ina shan ƙwayoyi. Ciwon kan ya tafi, al'ada ta dawo, ciki ya koma yadda yake. Haihuwa dai har yanzu shiru. Gwaggo Asabe kuwa ba ta sauka daga kan bakanta ba, tana gaya wa mutane cewa na'urar ce ta tsorata cikin ya koma.

Darasin da na koya bai da tsawo: wanzami ba ya son jarfa. Na iya koya wa 'ya'yan mutane gaskiyar jikinsu, da aka zo kan nawa na zaɓi maganar da ta fi daɗin ji. Yanzu in tsinke ya ce layi ɗaya, ba na zargin kamfani.

Itacen yana nan. Damina biyu ta sauka a kansa, Inna ta rufe shi da tsohon kwano ta danne da dutse. Da 'yar maƙwabta ta haihu aka aiko roƙonsa, Inna ta ce da mai shi. Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, na ga gara ta fara cin na ƙasan. Na yi ta maza na ce, "Inna, a ƙona itacen nan mana, ko a bayar, lalacewa yake yi." Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Bar shi. Busasshe ya fi kamawa."