Sarƙa a Tayar Gaba

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ɗaura wa motar ofis sarƙa ba, ko da yake na yi shekaru ina roƙon Allah Ya mantar da mutanen Rogo. Har yau bai mantar da su ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina sabon malamin dabbobi, takarda a hannu, girman kai fal ciki. Ofishinmu na da fijo a-kori-kura guda ɗaya, da direbanta Baba Iro, dattijo marar yawan magana wanda ya fara tuƙi tun ba a yaye ni ba. Tayoyinta sun suɗe har waya ta fara leƙowa, sai shugabanmu ya ce in shiga Kano in sayo wasu. Baba Iro ya so ya raka ni, na ce ya huta, sayen taya ai ba sai an yi gayya ba.

A kasuwar kayan mota na sami na gwanjo, irin waɗanda ake kira Beljiyam, masu manyan haƙora. Mai shagon ya nuna mini wani ɗan zane a gefensu, ya ce na ƙasar sanyi ne, inda ƙanƙara ke rufe titi. Sannan ya zazzage wasu sarƙoƙi biyu daga jaka. "Wannan Turawa ke ɗaura wa taya in hanya ta yi santsi," in ji shi. "Abin da ya taka ƙanƙara, caɓin Rogo zai gagare shi?" (Ba na jin mutumin nan ya taɓa wuce Kabuga, amma na gaskata shi, don abin da nake son ji ya faɗa.)

Da na dawo, Baba Iro ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana danna farce a gefensu, yana neman tsaga. Ya ce ba laifi, za su ga ƙarshen damina. Sarƙar kuwa ya ɗaga ta, ya jijjiga, ya ajiye.

A lokacin ciwon huhu ya ɓulla a garkunan maƙwabta. Na yi mako uku ina zarya rugar Ardo Buba, can bayan Zoza, ina lallashinsa ya tara shanun jama'arsa a yi musu allura. Mutanensa ba su manta da jangali ba, duk wanda ya zo da biro yana ƙirga shanu ba sa sakin jiki da shi. Da ƙyar ya ba ni rana ɗaya, Talata. Ita kuma allurar sai da sanyi take rayuwa. A kula muke ɗaukarta da ƙanƙara, in ta narke maganin ya ɗumame, to da shi da ruwan rijiya duk ɗaya.

Ranar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka kama hanya, har muka iso wata fadama inda burji ya ƙare, laka ta fara. Baba Iro ya tsaya, ya fita ya taka ƙasar da ƙafa.

"Likita, mu ɗan jira ƙasa ta tsotse. In rage iskar tayoyin baya, mu ɗora duwatsu a bodi, sai mu bi a hankali da giya ta biyu."

Na ce babu wani jira, yau ranar sarƙa ce. Na tuɓe riga, na durƙusa gaban tayar gaba na fara ɗaurawa. Lissafina mai sauƙi ne: inji a gaba yake, shanun huɗa ma a gaba suke jan garma, saboda haka gaba ke jan mota.

"Likita, da dai a baya ka..."

"Baba Iro, ka taɓa ganin ƙanƙara?"

Ya ce, "Ta sama dai na gani, sai kuma ta kula."

"To wannan aikin ƙanƙara ne, ka bar wa waɗanda suka karanta."

Wannan maganar ita ce har yanzu in na tuna nake jin kamar in nutse. Baba Iro ya miƙo mini makullin motar.

Na shiga, na taka totur da ƙarfina. Mun yi kamar taku goma cikin taƙama, sarƙa na ƙara caras-caras, sai motar ta tsaya cak. Tayoyin gaba, masu ado, ko motsi ba su yi ba. Na baya kuwa, waɗanda ashe su ke tura fijo, suka shiga wulwulawa suna haƙa rami suna feshin laka. Na ƙara wuta, suka ƙara haƙa, har cikin motar ya zauna daram a ƙasa.

Manoman da ke noma a gefen hanya suka ajiye fartanya suka zo. Wani tsoho ya zagaya motar, ya tsuguna ya ƙare wa sarƙar kallo, ya tambayi Baba Iro cikin ladabi, "Malam, cizo take yi ne aka ɗaure ta?"

Rana ta buɗe da zafin nan na bayan ruwa. Baba Iro ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada a ji. "Likita, mu ɗauki kular a ka mu taka. Tafiyar awa guda ce." Ga gaskiya tsirara an ba ni a karo na biyu, amma na hango kaina ina shiga ruga a ƙasa, laka har gwiwa, kula a ka kamar mai tallar fura. Na ce a'a, yanzu za ta fita.

Ba ta fita ba sai bayan la'asar, da taimakon bijimai biyu na wani manomi da kafaɗun mutum goma. Baba Iro ya kwance sarƙar, ya rage iska, ya sa aka ɗora duwatsu, ya ratsa sauran fadamar kamar mai tafiya a kan kwalta.

Mun tarar da shanu cike da fili, tun hantsi suke tsaye ba kiwo. Baba Iro ya buɗe kular ya tsoma yatsa, ƙanƙara ta narke, kwalabe na iyo a ruwa mai ɗumi. "Likita," ya ce a hankali, "yanzu kam ko ta kular babu."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini in yi allurar haka nan. Wa zai sani? Na ɗago, sai muka haɗa ido da Baba Iro, na ga shi zai sani. Na je na durƙusa gaban Ardo na ce maganin ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Ardo ya daɗe yana kallon shanunsa. "Gara da ka faɗa, Likita," ya ce. "Allah Ya kai mu wata Talatar."

Sai bayan mako biyu muka sami wani maganin. Baba Iro ne ya tuƙa, ni ina rungume da kula. Kafin nan ciwon ya shiga garken, Ardo ya rasa shanu huɗu, har da wata farar saniya da ya gada daga mahaifinsa. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sarƙar ta ƙare a ƙofar ofis, da ita ake kulle get. Ni kuma na ƙare da sunan Likita Mai Sarƙa, har 'ya'yana an kira su da shi a makaranta. Tun daga ranar, duk inda aka kai ni aiki, kafin in buɗe baki sai na fara tambaya wace taya ce ke tura motar. Sau da yawa tana can baya, laka ta rufe ta, kuma ba ta karanta komai ba.