Ɗan Wasa na Shida

Ba zan taɓa mantawa da wata yammar Alhamis a Madina ba, lokacin ina aikin haɗa magani a unguwar Al-Azizya. Na tashi aiki a gajiye, ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai abokina Injiniya Bashir ya ja ni kallon ƙwallon kwando a kwalejin da ƙanensa ke karatu. Wasan sada zumunta ne bayan La'asar, 'yan kallo ba mu kai talatin ba.

Tun a mota muke musu. Bashir yana ganin salon gudu da jifa daga nesa shi ne daidai. Ni kuwa na kafe cewa ƙungiyar da ke da dogo mai nauyi kamar Hamza, ɗan wasan ƙungiyar kwalejin, ba ta da dalilin gudu, a tsaya a miƙa masa ƙwallo a gindin kwando. (In faɗi gaskiya, ban taɓa riƙe ƙwallon ba. Duk ilimina daga kaset ɗin bidiyo biyu ne da wani maƙwabci ya ara mini.)

Da aka fara cin su Hamza, sai bakina ya buɗe. Da Hausa nake yi, da ƙarfi, don na ɗauka ba mai ji.

"Kocin nan tela ne da ya ɗinka riga bai auna mai ita ba," na ce. "Ni da za a ba ni su, mako ɗaya ya isa."

A gabanmu akwai wani mutum da farar jallabiya, ƙafarsa a ɗaure, sanda a gefe. Da aka tafi hutu ya juyo a hankali.

"Ya duktur, Hausa tawa shwayya ce, 'yar kaɗan, amma na ji," in ji shi. "Ni ne telan. Tafaddal, zo ka auna."

Ashe haifaffen unguwar Harra ta Gabas ne a nan Madina, kakanninsa Kanawa, karaya ce ta zaunar da shi cikin 'yan kallo. Na nemi Bashir da ido, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Haka na sauka. Aka ba ni allo da alli, samari masu zufa suka kewaye ni. Na zana da'ira nan, kibiya can, ina bayani da gurgun Larabcina. Har na fara jin daɗin kaina, sai Hamza ya duƙo ya ƙirga da yatsa.

"Ya ammi, shida ka zana. Biyar muke shiga."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Kocin ya karɓi allon ya ce, "Da shida, wallahi, ni ma zan ci."

Na koma gida ban ci abincin dare ba. Tun daga ranar, in musun wasa ya tashi, sai in tambaya, mutum nawa ake shiga, in kuma duba wa ke zaune a gabana.